Kafin a tuhumi uwa, a dubi kwalbar

Idan aka ji yaro ya sha kananzir, abin da ake fara tambaya shi ne ina uwarsa take. A ganina tambayar da ta fi amfani ita ce a cikin me aka zuba kananzir ɗin. Yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da uku ya iya tafiya, ya iya hawa kujera, kuma da bakinsa yake gwada duk abin da ya gani. Bai san rubutu ba, siffar kwalba kawai ya sani. Idan aka auno masa kananzir a robar ruwa ko kwalbar lemo, aka ajiye a ƙasan gado cikin zafin Afrilu, to mu ne muka gayyace shi ya sha. Babu uwar da za ta iya kafa wa ɗa ido daga asuba har dare, balle a gidan da ake girki da wanki da raino lokaci guda.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A 1967 wani likitan yara a Kanada, Henri Breault, ya jagoranci samar da murfin da sai an danna sannan a murɗa, kuma a 1970 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta irin wannan mazubi ga magunguna da sinadarai masu haɗari. Mu kuwa har yau ana ƙulla mana ƙwayoyi a leda, ana ɗura fiya-fiya a kwalbar da ba ta da ko suna. Hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a 2019, amma mai yawo a kasuwanninmu ya san sinadarin bai yi wuyar samu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake yi bayan yaron ya riga ya sha. An saba ɗura masa manja ko madara, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Niyyar mai kyau ce, sai dai a nan ɓarnar take. Kananzir ba ya yin illa sosai a ciki, huhu yake lalatawa. Ba shi da kauri, don haka ɗan kaɗan idan ya ɓata hanya ya shiga bututun numfashi sai ya bazu ya kumbura huhun. Amai yana dawo da shi daidai ƙofar wannan bututu a karo na biyu, ɗura kuma tana sa yaro ya shaƙe. Haka ma sodar da mata masu haɗa sabulu ke ajiyewa, wadda ruwanta ke kama da ruwan sha: ta ƙona maƙogwaro wajen shiga, amai zai sa ta sake ƙona shi wajen fita. Kuma kada a ruɗu don yaron ya tashi yana wasa. Wahalar numfashi kan iya bayyana bayan sa'o'i, illar farasitamol a hanta kuwa sai bayan kwana ɗaya ko biyu take fitowa.

Fiya-fiya tana ratsa fata, saboda haka a cire rigar da ta jiƙe, a wanke jikin da ruwa da sabulu. Dalalar yawu da tsukewar ƙwayar ido alamunta ne, kuma asibiti na da allurar da ke karya ta. A tafi nan take, a riƙe kwalbar ko ledar a hannu, domin likita ya san abin da yake yaƙa.

A cikin gida kuwa, ajiye abu a sama bai wadatar ba, sai da kwaɗo. Akwati ɗaya mai makulli ya isa ya ɗauki maganin ƙarin jini na mai ciki, da shinkafar ɓera, da ƙwayoyin hawan jini da kaka ke bari a jakarta a kan tabarma. Sayen akwatin nan da jarkar kananzir ta musamman aikin maigida ne, tun kafin jariri ya fara rarrafe.