Yaranmu sun san bene, ba su san tushe ba

Ina da ƙorafi a kan abin da ake kira darasin kwamfuta a makarantunmu. Yaro ya buɗe Word, ya buga sunansa da manyan baƙaƙe, a ba shi maki, shi ke nan wai ya san kwamfuta. Ka tambaye shi mene ne intanet, sai ya ce maka WhatsApp. Wannan guntun ilimi ne ya sa ake yaudarar yaranmu cikin sauƙi.

Waya da kwamfuta gini ne hawa-hawa. A tushe akwai wutar lantarki da ƙananan makunnai biliyoyi waɗanda ba su san komai ba sai 0 da 1. A kansu akwai manhajar da ke tafiyar da na'urar, kamar Android. Sai hanyar da saƙo ke bi: eriya, igiyar ƙarƙashin ƙasa da ta ƙarƙashin teku. Sai ƙa'idojin da na'urori ke fahimtar juna da su, wato TCP/IP, da aka koma kansu a 1983. Can ƙololuwa Facebook da TikTok suke zaune. Da gangan aka sa kowane hawa ya ɓoye na ƙasansa, don kada sai mutum ya zama injiniya kafin ya tura gaisuwa. Amma wanda bai san da hawan ƙasa ba, duk abin da aka gaya masa zai yarda.

Ta nan masu tallar kuɗin kirifto suke shiga wa samarinmu. Suna cewa tsarin ba shi da shugaba, ba mai iya tsayar da shi. Gaskiya ne Bitcoin, da aka fara a 2009, littafin lissafinsa yana kan dubban kwamfutoci, ba kamfani guda da ke riƙe da shi. To amma wannan rarrabuwa a hawa ɗaya take. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can yake zuwa. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a yankin Kodibuwa, rezo ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Mu da ba mu da teku, ta ƙasashen maƙwabta igiyoyinmu suke bi. Wane kuɗi marar shugaba ne zai motsa a wayar da ba caji, ba rezo?

Rarraba tsari yana da amfani, idan an san gurbinsa. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa 6, don duka na gida ɗaya ne. Imel kuwa bai tsaya ba, saboda gidaje da yawa ne ke ɗaukarsa bisa ƙa'ida ɗaya. Yaran da ke tura wa juna waƙa ta Bluetooth ma waya da waya suke yi, ba eriya a tsakani, sai dai ba wanda ya taɓa gaya masu haka a aji.

Za a ce ai ba mu da kwamfutoci. Wannan darasi allo da alli sun ishe shi. Malam, ka yanka wasiƙa gida huɗu, ka sa wa kowane yanki lamba. Da farko duk yankunan su bi ta hannun yaro ɗaya, sai ka fitar da shi waje, aji ya ga saƙo ya mutu. Daga baya kowa ya miƙa wa na kusa da shi, ka sake fitar da yaro ɗaya, su ga saƙon ya kewaya ya isa.

Ku kuma uwaye, kafin ku ba ɗanku jika goma ya zuba a wata manhaja, ku yi masa tambaya uku: wa ke da ita, a kwamfutar wa aka rubuta kuɗinka, kuma in an rufe ta gobe wa za ka kama? In ya kasa amsawa, ku maida kuɗinku aljihu.