Kyan Firij Shi Ne Riƙe Sanyi Bayan An Ɗauke Wuta

Kamfanonin ƙera firij sun shiga gasar ado. A 2016 Samsung ya fito da samfurin Family Hub mai allo a jikin ƙofa da kyamara a ciki, har mai shi ya iya duba abin da ya rage daga wayarsa. LG kuma ya kawo InstaView, wanda in an ƙwanƙwasa gilashinsa sau biyu sai fitilar ciki ta kama. Hotunan irin waɗannan suna yawo a Facebook da TikTok, sun kuma isa wayoyin 'yan mata da iyayensu a Rano da Kibiya, inda firij mai ƙofa biyu yake neman zama sharaɗi a kayan ɗakin amarya. An ƙera waɗannan na'urori ne domin gidan da wuta ba ta yankewa. Sayar da su ga gidan da ke ganin wuta jefi-jefi, da sunan ci gaba, cin amanar mai saye ne.

Lissafin a fili yake. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da lantarki rukuni biyar: na A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, na E kuwa awa 4 kacal. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Ke nan mai samun wuta sosai yana biyan ta da tsada, wanda ba ya cikin wannan rukuni yana jiran tsammani. A watan Oktoban wannan shekarar, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta bar Kano cikin duhu kwana da kwanaki. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ce firij da ke rufe yana kare abinci kimanin awa 4 bayan ɗaukewar wuta, firiza da ke cike kuwa tana kai awa 48. Wannan tazara ita ya kamata mai saye ya fara tambaya a kai, amma ba kasafai mai shago yake ambatar ta ba.

Dalilin tazarar sananne ne. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Duk lokacin da aka buɗe firij na tsaye, sanyin yana zubowa ƙasa kamar ruwa daga fasasshen tulu. Firiza mai murfi a sama kuwa sanyinta yana kwance a ciki. Firij ɗin da ake yabo da cewa ba ya tara ƙanƙara yana yin hakan ne da ɗan abin ɗumama da fanka, duka biyun masu cin wuta, alhali a garin da wuta ke zuwa ta tafi, ƙanƙarar nan ita ce ajiyar sanyi. Allo da fitilu da maɓallan taɓawa kuma su ne farkon ƙonewa in wuta ta dawo da ƙarfi, gyaransu sai an kai birni, in ma an samu kayan.

Wa ke biyan kuɗin wannan kuskure? Uban da ya sayar da amfanin gona ko ya ci bashi don kada a yi da 'yarsa a gidan miji. Bayan wata uku firij ya koma kabad, an jera kwanukan tangaran da ledar madara a ciki, ruwan sha kuma yana randa kamar yadda yake tun zamanin kakanni. Da an sa kuɗin a firiza mai kaurin jiki da faifan sola, da amarya ta samu jari, domin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ba sa kwantai a bazara, balle a watan azumi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin takaici, ƙirar da ta fi dacewa da wannan ƙasa a maƙwabta aka fito da ita. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya taso a gidan maginan tukwane, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Wannan aiki ya samo masa lambar yabo ta Rolex ta shekarar 2000. A gwajinsa, gautar da kan lalace cikin kwana 3 ta kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku ko fiye. Masarautar Rano ta haɗa Rano da Kibiya da Bunkure, ga ruwan madatsar Tiga yana ciyar da noman rani a yankin tun shekarun 1970, ga tumatir yana ruɓewa a kwando lokacin da ya yi yawa. Ina aka fi buƙatar wannan tukunya in ba nan ba?

Masu suka za su ce tukunya ba ta yin ƙanƙara, ba ta ajiye nama, kuma ƙarfinta yana raguwa da damina saboda danshin iska. Gaskiya ne. Za su ce mutumin karkara ma yana da haƙƙin son abu mai kyau. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata a ba shi zaɓi tsakanin tukunya da kabad mai gilashi kawai ba. Fasahar tana nan. Firij ɗin allurar rigakafi mai aiki da sola yana daskarar da ruwa a jikinsa da rana, ya riƙe magani tsakanin digiri 2 da 8 har cikin dare ba tare da batir ba. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, yana gina ɗakunan sanyi na sola a kasuwanni, 'yan gwari su biya kuɗin kwando a kowace rana. Abin da ya yiwu ga allura da kasuwa zai yiwu ga madafi, in masu saye suka nema.

Saboda haka nauyin ya rataya a wuyan ɓangarori uku. Iyaye su tambayi mai shago awa nawa na'urar ke riƙe sanyi, wuta nawa take ci, wa zai gyara ta a Rano. Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su fifita ɗakin sanyi a kasuwa a kan rabon kayan tallafin da ke ƙarewa cikin mako guda, su kuma tallafa wa maginan tukwane. Malamai da masu sarauta, waɗanda suka daɗe suna kira a rage tsadar aure, su sanya firij na gasa cikin jerin abubuwan da suke tsawatarwa a kai. Ranar da 'yan ganin ɗaki suka fara buɗe firij suna taɓa ciki kafin su yaba launinsa, ranar masu shago za su canja abin da suke sarowa.