Makin Uwa da Shaidar Bare: Yadda Ɗaliban Gida Ke Shiga Jami'a a Amurka

A fiƙihun Malikiyya alƙali ba ya karɓar shaidar da uba ya bayar domin amfanin ɗansa, ko da uban adali ne wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, saboda so hana ganin laifi ne. Irin wannan matsala ce ke gaban jami'in ɗaukar ɗalibai a jami'o'in Amurka duk lokacin da takardun yaron da ya yi karatun sakandare a gida suka iso teburinsa. Wadda ta koyar da yaron lissafi uwarsa ce, ita ta tsara jarrabawar, ita ta duba, ita kuma ta sa hannu a takardar sakamako. A fom ɗin Common Application, wanda ɗaruruwan jami'o'i ke amfani da shi, sau da yawa ita ce ma ke cike gurbin mashawarcin makaranta.

A Nijar, ko a Nijeriya, tambayar ba ta da wannan nauyi. Wanda bai bi aji ba yana iya zama jarrabawar bakaloreya ko ta WAEC a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, sakamakon kuma shi ne alƙali. Amurka ba ta da jarrabawar kammala sakandare guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya. Tun 1993 karatun gida ya halatta a dukkan jihohi 50, amma kowace jiha da nata sharuɗɗan: New York tana neman rahoto daga iyaye sau huɗu a shekara, Texas kuwa ko sanarwa ba ta nema. Saboda haka kalmar “ɗalibin gida” ba ta gaya wa jami'a kome game da abin da yaro ya sani.

Abin da ya fi kome nauyi, ke nan, shi ne shaidar wanda ba shi da dangantaka da yaron. Mafi ƙarfinta kuwa ita ce darasin da ɗalibi ya ɗauka a kwalejin al'umma, wato kwalejojin nan na shekara biyu da ke karɓar ƴan sakandare a wasu azuzuwansu. Malamin da bai san gidan su yaro ba ya gan shi zangon karatu guda cur, ya ga yadda yake riƙe kayan gwaji a ɗakin kimiyya, ya ga ko yana kawo aiki kan lokaci, ya ga halinsa idan an ce masa ya yi kuskure a gaban jama'a. Makin da irin wannan malami ya bayar yana zuwa a takardar hukuma, kuma shi ne zai iya rubuta wasiƙar shaida mai amfani. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu. Ko a zauren karatu na gargajiya, ɗan malam ba ya cika malami a idon jama'a sai ya durƙusa gaban wasu malaman.

Bayan wannan sai jarrabawar bai ɗaya. SAT ana ba da makinta daga 400 zuwa 1600, ACT daga 1 zuwa 36, jarrabawar AP kuwa, wadda ake yi darasi darasi a watan Mayu, daga 1 zuwa 5. A lokacin annobar korona, a 2020, jami'o'i da yawa sun mai da SAT da ACT ganin dama. Sassaucin ya yi wa ɗan makaranta daɗi, domin yana da makin malamai da sunan makarantarsa. Ɗalibin gida da ya ƙi aika sakamako kuwa ya zubar da hujjar da ta fi sauƙin samuwa gare shi. Iskar ma ta fara juyawa: MIT ta maido da sharaɗin a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024.

Masu sukar wannan ra'ayi suna cewa jarrabawar ta fi auna aljihun iyaye fiye da ƙwaƙwalwar ɗa, tunda mai hali yana ɗaukar malamin horo. Akwai gaskiya a ciki, kuma Jami'ar Kalifoniya ta daina duba SAT da ACT gaba ɗaya. Sai dai rufe wannan ƙofa ƙara wa sauran shaidun bare nauyi ya yi. Bai mai da makin uwa hujja ba.

Iyaye da dama suna ɗora fata a kan labarin ban mamaki. Har yau ana tuna iyalin Colfax, masu kiwon awaki a arewacin Kalifoniya, waɗanda ƴaƴansu uku suka shiga Harvard a shekarun 1980 bayan karatun gida. Rubutun da ɗalibi ke yi game da rayuwarsa, da sana'ar da ya koya a lokacin da tsararsa ke aji, suna sa jami'i ya gyara zama ya ci gaba da karantawa. Ba su nuna masa ko yaron zai iya darasin sinadarai na shekarar farko.

Aikin iyaye bai faɗi banza ba duk da haka. Bayani dalla dalla kan kowane darasi, da littattafan da aka karanta, da yadda aka ba da maki, shi ke bai wa takardar gida fuska, musamman idan makin ya yi daidai da na bare. Idan uwa ta ba da maki mafi girma a lissafi, jarrabawar waje kuma ta nuna rauni, shakka za ta hau sauran takardar duka. Wahalar ita ce lokaci: ɗalibin gida ba ya iya zama AP a ɗakinsa, dole ya nemi makarantar da za ta yarda ta ba shi kujera, rajista kuma tun watanni kafin Mayu ake rufe ta. Iyalin da suka fara wannan nema a shekarar ƙarshe sun makara.