Gidan Fatalwa Wanda Bai Tsorata Kowa Ba

Ga magana a kan wani majigin Amurka mai suna The Haunting, wanda aka fitar a shekarar 1999. Asalinsa littafi ne da wata mata, Shirley Jackson, ta wallafa a 1959, labarin mutum huɗu da suka sauka a wani tsohon gida da ake cewa fatalwa ce ke riƙe da shi.

Tun 1963 Robert Wise ya mayar da labarin majigi, hoto fari da baƙi, da kuɗi kaɗan. A cikinsa ba a nuna fatalwa ko sau ɗaya ba. Sai dai a ji ana dukan bango da tsakar dare, a ga ƙyauren katako yana kumbura tamkar mai numfashi. Akwai inda mace ta damƙe hannun abokiyar kwananta cikin duhu saboda firgita. Da haske ya zo, ashe abokiyar tana can kan gadonta, nesa da ita. To, hannun wa ta riƙe? Ba a faɗa ba, nan kuwa tsigar jiki take tashi.

Amma na 1999, wanda Jan de Bont ya shirya, an zuba masa wajen dala miliyan 80, aka ɗauko mashahurai irin su Liam Neeson, aka ɗauki hoton wajen gidan a Harlaxton ta ƙasar Ingila. Sa'an nan aka baje kome a faifai da dabarar kwamfuta: gumakan yara na juya ido, gado na miƙo ƙaya, har fatalwar maigidan ta fito ƙiri-ƙiri tana ruri. Mai kallo kuwa sai hamma. Dalili a fili yake: abin da ido ya auna tsawonsa da faɗinsa, zuciya ta daina shakkarsa. Dodon da ya fito tsakar gida da rana, yara ma jifansa suke yi.

Wani bafatake zai ce ai ya ci kasuwa, tun da ya mayar da uwar kuɗi har ninki biyu. Gaskiya ne, amma sunan na farko da sunayen 'yan wasa ne suka jawo mutane, kuma kuɗin shiga tun a ƙofa ake karɓarsa, kafin a ga kaya. A shekarar 2000 masu ba da lambar majigi mafi muni a Amurka sun sa sunansa a takara har wuri biyar.