Fegin gwamnati ba asusun ajiya ba ne

Duk wanda ya fita bayan garin Tahoua ya san abin da nake nufi: duwatsun iyaka jere a fili, nan tubali goma, can katanga rabi, sauran sai tumfafiya da leda. An yanka, an sayar, an karɓi kuɗi, amma ba gida. Ni a ganina wannan ɓarna ce, kuma hukuma ce ke ɗaure mata gindi.

Ga yadda abin ke tafiya. Ma'aikatar magajin gari ta karɓi gonakin bakin gari, ta yanka su fegi-fegi, ta ba masu gona wasu a matsayin diyya, ta sayar da sauran da takardar mallaka. Takardar na ɗauke da sharaɗin a gina cikin wa'adi. Wa ke bin wannan sharaɗi? Mai kuɗi ya kwashi biyar, ya jefa takardu a akwati, yana jiran farashi ya tashi. Manomin da aka raba da gonar gero kuwa ya sayar da nasa rabon a rani guda, ya cinye.

Gwamnati da kanta ta koya wa mutane wannan ɗabi'a. A farkon shekarun 2000, zamanin Tandja Mamadou, an biya ma'aikata bashin albashi da fegi. Tun daga nan ƙasa ta koma kuɗin kashewa. Da aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, da yawansu suka tarar da asusu ba komai, sai yanka fili ya zama hanya mafi sauƙi ta samun shiga. Amma haraji yana dawowa kowace shekara, gona kuwa sau ɗaya ake sayar da ita.

Wanda ya fi shan wuya shi ne ɗan ci-rani. Adarawa sun cika Abidjan, Libiya da Najeriya suna tara na gina gida. Mutumin Tebaram ya aiko kuɗin guminsa na shekaru a saya masa fegi a birni, ya dawo ya tarar wani na riƙe da takarda a kan wurin. Daga nan sai zaryar kotu.

Za a ce gari na girma, dole a yanka. Gaskiya ne. To a fara cika wanda aka riga aka yanka mana. A birnin Detroit na Amurka, hukumar da ke riƙe da filaye da gidajen da aka yi watsi da su tana sayar wa maƙwabci fegin da ke jikin gidansa dala 100, wanda ya sayi kango a gwanjo kuma ana ba shi wata shida ya gyara, in ya ƙi a karɓe. Can mazauni ake nema. Mu nan mai saye kawai muke nema.

Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Akwai dokar karkara ta 1993 da ta kafa kwamitocin kula da filaye, akwai ta makiyaya ta 2010 da ta hana mallake wuraren kiwo. Aiki da su ne babu.

Tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisu aka naɗa kantomomi, don haka ba mai fakewa da cewa yana tsoron ɓata wa masu zaɓe rai. Abu uku nake nema gare su, daga Tahoua har Tebaram. A liƙa sunan duk wanda ya sayi fegin hukuma da kuɗin da ya biya a ƙofar ofis, kowa ya gani. A karɓe fegin da wa'adinsa ya wuce ba gini, a mayar wa mai shi kuɗinsa, a ba wanda ke zaman haya. Kuma kada a sake taɓa gona ko burtali sai an gama waɗannan biyun.

In kantoma ya ƙi liƙa sunayen, ya gaya mana sunan wa yake ɓoyewa.