Labarina Ba Na Mutum Ɗaya Ba Ne

Wani marubuci ya ce wanda ya ƙirƙiri shiri mai dogon zango shi ke da wuƙa da nama, sauran ma'aikata nasu bin umarni ne, don hannu da yawa ɓata labari yake yi. Hujjarsa darakta Aminu Saira da shirinsa Labarina.

To, Saira shi kaɗai ya yi Sumayya, jarumar shirin? Marubucin shirin ya tsara ta, Nafisa Abdullahi ta ba ta murya da kallo. Da ta fita aka kawo Fati Washa, suna bai canja ba, darakta bai canja ba, amma masu kallo suka rabu biyu. A Madawa, Buza ko Keita, tambayi samarin da ke tura wa juna shirin a waya gefen mai shayi: sunan wa suke kira?

Ban ce mai shiri ya saki linzami ba. Ga abin da sakin linzami ke jawowa: George Lucas ya sayar wa Disney kamfaninsa a 2012, suka ajiye labarin da ya tsara wa ci gaban Star Wars. Hukuncin ƙarshe ya zauna hannun mai abu. Amma makomar jaruma da sauyin zango, a zauna da marubuci da 'yan wasa, a sa a yarjejeniya tun kafin a kunna kyamara.