Mu san bikin Sinawa, ba kayansu kaɗai ba

Wayar da ke aljihunmu daga Sin ta fito, haka baburan 'yan acaɓa da dama. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ma kamfanin CCECC ne ya shimfiɗa layinsa. Amma tambayi yaro a Kafanchan abin da Basine ke ci ranar bikinsa, sai ya yi zuru. Ni wannan yana damuna.

Ƙanen mijina da ke sarin kaya a Guangzhou shi ya fara ba yaranmu labari. Sabuwar shekarar Sinawa wata take bi, tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ta 2026 ta kama 17 ga Fabrairu, shekarar doki. Masana'antu sukan rufe, ma'aikata su ɗunguma ƙauyukansu, ɗan kasuwar da bai san haka ba kayansa su maƙale. Ana share gida tas, a manna jajayen takardu a ƙofa, manya su ba yara kuɗi cikin jan ambulan, a rufe biki rana ta 15 da fitilu. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya.

Abincin daren jajibiri ne ya fi kama ni. A arewacinsu iyali duka ake zama a yi jiaozi: a murza ƙullun fulawa falan-falan, a zuba niƙaƙƙen nama da kabeji, a matse baki, a dafa cikin tafasasshen ruwa. Mun gwada da naman rago, kamar yadda Musulminsu 'yan ƙabilar Hui ke yi, don makwabtanmu duka su ci. Sai kifi guda, da kai da wutsiya, a turara shi da albasa mai lawashi da citta. Da autarmu ta ji an ambaci citta ta ce, "Mama, irin ta gonar Kaka?" Ita ɗin ce, wadda ake nomawa a Kachia da Kwoi da Kagarko, wadda cuta ta cinye mana a 2023 har manoma suka yi kuka.

Wasu na cewa wannan kwaikwayon al'adar da ba tamu ba ne. Ban yarda ba. Babu wanda ya ce a kunna wa kakanni turare. Mu da ke cika motoci mu dawo gida Kirsimeti da Sallah, mu hau Kagoro ranar 1 ga Janairu don bikin Afan, ai mun fi kowa fahimtar mutumin da zai kwana a jirgi don cin abincin dare ɗaya da uwarsa. Malaman firamare su ware darasi guda a Fabrairu, iyaye kuma su kama sashen Hausa na Rediyon Sin, da ke watsa shirye-shirye tun 1963, su saurara tare da yara.